Ƙari ɗaya, abin zargi biyu: lamarin wata baiwar Allah a Jidda

Matar shekarunta 37, haihuwar Jidda ce, iyayenta Kanawa ne da suka zo aikin Hajji tun da jimawa suka yi zamansu. 'Ya'yanta biyar. Mijinta mai tsire ne, ita kuma tana toya waina a gida ana zuwa ana saye. Da yardarta na rubuta lamarin, ba sunanta ba sunan asibitin. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen hanta, kuma da yake ni ke jin Hausa a sashen, duk zaman da aka yi da danginta da ni aka yi.

Abin da ya kawo ta, ciwo ne a ƙarƙashin haƙarƙarin dama wanda ya yi watanni yana lafawa yana dawowa, ga kasala da ba ta san dalilinta ba. Ta ɗauka olsa ce, tana ta sayen magani a saidaliyya, wato kemis. Mace ce mai jiki sosai, ƙibarta ta kai matakin da likitoci ke lissafawa cikin cuta. Gwajin jini ya nuna jininta ya yi ƙasa, alamar kumburin jiki ta CRP ta hau sosai alhali ba zazzaɓi, sinadaran hanta na ALP da GGT sun ɗaga. ALT kuwa, sinadarin da ke hawa in ƙwayoyin hanta suna lalacewa, 34 ne, takardar ɗakin gwaji ta ce lafiya lau. Da aka ɗora mata na'urar sikanin sai ga ƙari mai faɗin santimita 7 a ƙasan ɓangaren dama na hanta, ya ɗan turo waje, sauran hantar kuma kitse ya lulluɓe ta. Washegari sakamakon da ya sauya fuskar kowa ya fito: tana ɗauke da bairos ɗin ciwon hanta nau'in B.

Ita ko gezau. Ta ce ai ta sani, tun tana da ciki na uku aka gaya mata a wajen awo, aka ce cutar barci take yi. An yi wa jaririn allura ranar da aka haife shi, an ba ta takarda ta riƙa zuwa ana duba ta, ta je sau ɗaya ko biyu hidima ta sha kanta. Takardar ma ta ɓace lokacin rushe-rushen tsofaffin unguwannin Jidda a 2022, sa'ad da suka kwashe kaya daga Karantina suka koma can bayan gari.

Yadda ta same ta ba wani abin ɓoye ba ne. A 1989 Saudiyya ta fara yi wa jarirai rigakafin wannan cuta, ita kuwa an riga an haife ta. Gwajin cutar ya shiga cikin gwajin kafin aure a 2008, ta riga ta yi aure. Daga baya da aka gwada mahaifiyarta aka same ta da ita. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, cikin goma kusan tara cutar na zama a jikinsu har girma, alhali babban da ya kamu, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zame musu zaunanniya. Akwai kuma kawunta da ya rasu a Kano bai cika hamsin ba, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. A gida sammu aka ce.

Da wannan kaɗai, duk likitan hanta abu ɗaya zai fara zuwa masa a rai, wato kansar hanta. Tun binciken da Palmer Beasley ya yi a Taiwan kan maza 22,707, wanda ya fito a 1981, aka san cewa mai ɗauke da wannan bairos haɗarin kansar hanta a kansa ya ninka na wanda ba shi da shi ninki mai ban tsoro. A rahoton farko ya haura sau 200. Nau'in B ya bambanta da nau'in C ta wata fuska mai muhimmanci: yana cusa gutsattsarin halittarsa cikin halittar ƙwayoyin hanta, don haka yana iya haifar da kansa tun hanta ba ta ƙeƙashe ba. Mu 'yan asalin Afirka ta Yamma kuma tana kama mu da ƙuruciya, musamman inda aka haɗa da gubar aflatoksin da ke fitowa a gyada da masarar da suka yi funfuna a ajiya. Shekara 37 ba garkuwa ba ce gare ta.

Rabin labarin da ya rage ban same shi ba sai da mijin ya fita salla. A gaban likita namiji da maigidanta an tambaye ta magungunan da take sha, ta ce na olsa kaɗai. Da muka rage mu biyu ina gyara mata ruwan da aka sa mata, na ce, "Yaya, ban da na olsar, ba wani abin da kike haɗiya kullum?" Ta yi jim, ta ce, "Sai dai ƙwayar tazara, ai wannan ba magani ba ce." Ta buɗe jaka ta ciro katin, rabinsa a ɓare, an naɗe shi cikin ledar goro. Irin haɗaɗɗiyar nan ce mai homon biyu na mata, istirojin da furojestin. Da muka lissafa tsakanin haihuwa da haihuwa da kuma bayan auta, ta yi kusan shekara goma sha ɗaya tana sha, ba likitan da ya taɓa rubuta mata. Sannan duk goman ƙarshe na Ramadan, da duk shekarar da za ta yi Hajji, tana ƙarawa da Primolut N don ta jinkirta al'ada, kamar yadda mata da dama ke yi don kada tahajjud a Harami ta wuce su.

Daga nan aka sami abin zargi na biyu. Akwai wani ƙarin hanta da ba kasafai ake ganinsa ba, adinoma, wanda ba kansa ba ne, kuma kafin zuwan ƙwayar tazara a 1960 da wuya likita ya gan shi a duk rayuwar aikinsa. A 1973 Janet Baum da abokan aikinta suka ba da rahoton mata bakwai masu shan ƙwayar da aka samu da shi. Binciken da ya biyo baya a Amurka ya ƙiyasta mace uku zuwa huɗu cikin dubu ɗari na masu daɗewa suna sha ke samunsa a shekara. Ƙwayoyin wancan zamani istirojin ɗinsu ya kai maikirogiram 150, na yanzu 20 ne zuwa 35, don haka haɗarin ya ragu. Amma wani abu ya shigo ya cike gurbin, shi ne ƙiba. Kitsen jiki da kansa yana sarrafa istirojin, kuma hanta mai kitse ta fi saurin fitar da irin wannan ƙari. Marar lafiyarmu ta haɗa duka biyun. A ganina shekarun nan goma sha ɗaya da nauyin jikinta su ne manyan masu laifi, ba kwana goman Ramadan ba, ko da yake wani ɗan kaso na homon ɗin noretisteron da ke cikin Primolut yana rikiɗa ya zama istirojin a jiki, don haka shi ma ba a wanke shi tas ba.

Wurin da lamarin ya fi ɗaure kai shi ne, homon ɗin nan guda aiki biyu masu karo da juna yake yi a hanta. Istirojin yana ciyar da adinoma, shi ya sa kusan tara cikin goma na masu shi mata ne. Amma a wajen kansar hanta sai ya zama kamar mai tsaro: maza sun fi mata kamuwa da ita ninki biyu zuwa uku, kuma tazarar tana raguwa bayan mace ta daina al'ada. Wani bincike kan ɓeraye da ya fito a 2007 ya nuna istirojin yana danne sinadarin kumburi na IL-6 da wasu ƙwayoyin garkuwa na hanta ke fitarwa. Masu bincike a Taiwan kuma sun nuna homon ɗin maza yana da wurin kamawa a jikin halittar bairos ɗin B, yana zuga shi ya ƙara hayayyafa. Ke nan jinsinta ya rage mata haɗarin abu ɗaya ya ƙara mata na ɗayan. Ragewa kuwa ba kawarwa ba ce. (Samarin da ke tsira allurar ƙara tsoka a wuraren motsa jiki su ma su ji: homon ɗin maza na allura yana haifar da adinoma, kuma na maza ya fi saurin juyewa kansa, shi ya sa in an gan shi a jikin namiji cire shi ake yi komai ƙanƙantarsa.)

Gwajin AFP, alamar kansar hanta a jini, ya fito daidai. Bai kwantar wa kowa da hankali ba, don masu kansar da dama nasu ma daidai yake fitowa. Yawan bairos a jininta ya haura 2,000 a ma'aunin ɗakin gwaji, awon taurin hanta bai nuna ƙeƙashewa ba. Aka yi hoton MRI da ruwan da ƙwayoyin hanta ke zuƙa. Ƙarin ya haska da zarar ruwan ya shiga ta jijiyar jini, kamar yadda kansa ke yi, amma bai dusashe ba daga baya; kansa galibi takan haska ta kuma wanke da sauri. Gefensa yana da wani zobe mai haske da masu karanta hoto ke gani a adinoma mai kumburi. Mai karanta hoton ya ce ya fi karkata ga adinoma, amma ba zai sa hannu a kan cewa ba kansa ba ce a hantar da bairos ke zaune.

A taron likitoci an ja zare sosai. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta 2016 a kan mace mai adinoma a fili take: ta daina ƙwayar, ta rage ƙiba, a jira wata shida a sake hoto, in ya kai santimita 5 ko yana girma, a cire. Da yawa suna motsewa da kansu. Wani likita ya ce a bi wannan, a raba ta da wuƙa. Likitar hanta ta ce an gina ƙa'idar ne a kan hanta mai lafiya, kuma kansar hanta tana iya ninka girmanta cikin wata huɗu zuwa shida. In aka yi kuskure, jiran shi ne zai cinye damar warkewa. Likitan fiɗa ya kawo nasa: ko adinoma ce, santimita 7 ce kuma ta turo waje, irin wadda ke fashewa ta zubar da jini cikin ciki, matar kuma yanzu tana zaune nesa da asibiti. Ni dai a raina ina tare da likitar hanta, saboda wani dalili da ba ya cikin littafi: wadda ta ɓace shekaru bayan an ce ta riƙa zuwa, ba ita za a ce wa ta tafi ta dawo bayan wata shida ba.

Aka tsaya a kan abu uku. Ta daina duk wata ƙwaya mai homon daga ranar. A fara mata tenofobir, maganin danne bairos ɗin B, ƙwaya ɗaya kullum. A tsakuro ɗan nama da allura kafin a yanke shawarar fiɗa.

Batun tenofobir ɗin yana buƙatar bayani, don ALT ɗinta 34 ne kuma takarda ta ce lafiya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Maris na 2024 ta sa iyakar ALT ga mace 19, ga namiji 30, kuma ta ce wanda bairos ɗinsa ya haura 2,000 tare da ALT sama da iyaka a ba shi magani. Ta kuma ce wanda ke da tarihin kansar hanta ko ƙeƙashewarta a dangi a ba shi ko da sauran alkaluman ba su kai ba. Ta kowace ƙofa ta shiga. Ga shi kuma za a yanki hanta, fiɗa kan iya tayar da bairos ɗin.

Naman da aka tsakuro ya nuna adinoma mai kumburi. Tun 2006 likitocin Faransa, ƙarƙashin Jessica Zucman-Rossi a Faris da Paulette Bioulac-Sage a Bordo, suka nuna adinoma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai kitse wadda kusan ba ta juyewa kansa, akwai mai kumburi wadda ta fi yawa a mata masu ƙiba, akwai mai sauyi a wata ƙwayar halitta da ake kira bita-katenin, wadda ita ce abin tsoro. A dunƙule, kimanin huɗu zuwa biyar cikin ɗari ne ke juyewa, galibi manya ko na maza. Mai kumburin ita da kanta take zuba CRP cikin jini, ita ke kawo ƙarancin jini da kasala, wato ta bayyana gwaje-gwajen ranar farko. Sai dai wasu daga cikin masu kumburin suna ɗauke da sauyin bita-katenin a ɓoye, kuma ɗan zaren naman da allura ke cirowa daga ƙari mai santimita 7 bai isa ya rantse a kan sauran ba. Aka ce a cire.

Zaman da aka yi da dangi ya fi fiɗar wuya. Mahaifiyarta, tsohuwa mai kaifin baki, tana jin an ambaci ƙwayar tazara ta juya kan surukinta: "Kai ka sa ta, ga abin da ya jawo." Shi kuwa kansa a ƙasa, sai "Ki yi haƙuri, Hajiya" yake ta maimaitawa. Na ce, "Inna, ƙwayar nan miliyoyin mata ke sha, ƙalilan ne ƙwarai ke samun wannan, kuma haihuwa a jere ita ma tana da nata haɗarin. Ciki ma da kansa yana ƙara wa irin wannan ƙari girma." Ta yi shiru, amma na lura da abu guda: maganar ƙwaya ta shiga kunnen kowa, maganar bairos ba wanda ya ɗauka. Ƙwaya abu ce da ake gani a tafin hannu, akwai wanda za a ɗora wa laifinta. Bairos kuwa daga jikin tsohuwar ya fito, kuma ba wanda ke son a faɗi haka a gabanta.

An yi fiɗar ta ƙananan huda, aka yanke ɓangaren da ƙarin yake, ta koma gida cikin mako. Sakamakon dukan ƙarin ya tabbatar da adinoma mai kumburi, ba sauyin bita-katenin, ba alamar kansa ko'ina. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Amma a shafi na biyu na rahoton, inda aka bayyana naman hantar da ke kewaye da ƙarin, an rubuta kitse, da ɗan tabo da ya fara, da ƙwayoyin hanta cike da furotin ɗin bairos. Cikin 'yan makonni CRP ya sauka, jininta ya dawo, ciwon ya tafi. An sa mata robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda ba ta da homon. Kan batun Ramadan, ita da kanta ta ce azumin da ya kuɓuce ai ramawa ake yi, ta haƙura da jinkirta al'ada.

Ta zo dubawar farko. Ta biyu ba ta zo ba, wayarta kuma a kashe.

Bayan kamar wata huɗu aka kawo ta sashen gaggawa, ido jawur da shawara, fitsari kamar shayi, amai ba tsayawa. ALT ya haura ɗari takwas, bairos ya cika jini. Ta daina tenofobir tun wata uku da suka wuce. Dalili biyu ta bayar. Inshorar mijin ta tsaya lokacin da yake canjin kafili, wato ubangidan da takardun zamansa ke ƙarƙashinsa, maganin ya koma na aljihu. Sannan a gida an ce tun da an cire ciwon kuma likita da bakinsa ya ce ba kansa ba ce, maganin me kuma za ta yi ta sha? Jimlar nan ta "ba kansa ba ce" in ta fita daga bakin likita, duk abin da ya biyo bayanta dangi ba sa ji.

Tenofobir ba ya kashe bairos ɗin, hana shi hayayyafa yake yi. Asalin halittarsa tana nan a naɗe cikin tsakiyar ƙwayoyin hanta. In aka janye maganin farat ɗaya sai ya yunƙuro, garkuwar jiki ta afka wa ƙwayoyin hantar da yake ciki, kuma wannan faɗan ne ke kawo shawarar. Ga mai ƙeƙasasshiyar hanta yana iya zama ajali. Ita Allah ya sa tata tana da sauran ƙarfi. Aka mayar da ita kan maganin, gwajin daskarewar jini bai lalace ba, cikin makonni alkaluman suka sauko. Abin da ya kusa kai ta lahira ke nan, ba ƙarin da kowa ya tsorata da shi ba.

A wannan kwanciyar ce aka samu dangi suka yarda a gwada su. Mijin ya taɓa kamuwa jikinsa ya kore ta, yana da garkuwa. 'Ya'yan biyar duk ba su da ita, albarkacin allurar da ake yi wa jariri cikin awa 24 na farko. Tsohuwar tana da ita, amma bairos ɗinta kaɗan ne. Da aka gaya mata ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko ita ta kashe ƙanenta na Kano. Na ce a'a, Inna, da alama ku biyun tare kuka gada.

Wanda ya fi ba mu wahala wanta ne, direba mai shekara 41, ƙato lafiyayye wanda bai taɓa kwana a asibiti ba. Sau biyu yana zuwa bakin ɗakin ɗiban jini yana juyawa, tsoronsa kada sakamakon ya taɓa masa aiki da iƙama, wato takardar izinin zama. Wannan tsoro ya yi yawa a cikin mutanenmu, kuma shi ke sa maza da dama ba a ganinsu sai ciki ya kumbura. Ƙanwar ce ta shawo kansa daga kan gadonta, ta ce, "Yaya, dubi idona. Ni da aka ce tawa barci take yi ke nan." Sakamakonsa ya fi nata muni nesa ba kusa ba: bairos ya kai miliyoyi, ALT a sama, awon taurin hanta ya nuna tabo ya yi nisa ko da yake bai kai ga ƙeƙashewa ba. Namiji ne, ya haura arba'in, ɗan asalin Afirka ta Yamma, ga tarihin kawu. Duk abin da ke ƙara haɗarin kansar hanta ya taru a kansa, ba shi kuma da 'yar kariyar da istirojin ke ba ƙanwarsa.

Yanzu ita tana shan ƙwayarta kullum, da azumi takan sha da sahur, ta rage nauyi kaɗan, hoton MRI na baya bai nuna sabon ƙari ba. Za a ci gaba da yi mata sikanin da gwajin AFP duk wata shida saboda bairos ɗin, ba saboda adinomar ba, kuma ba za ta sake shan ƙwaya mai istirojin ba. Wan nata shi ma an ɗora shi kan tenofobir. Sikanin ɗinsa na farko ya nuna wani ɗan ƙullutu da bai kai santimita ɗaya ba a ɓangaren hagu, ƙanƙantarsa ta sa hoto ba zai iya tantance shi ba tukuna, don haka an ba shi ranar dawowa bayan wata uku.